BUK ko Jami'ar Maiduguri? Ina neman shawara kan karatun likitan haƙori

Yar_Fataskum

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa baki ba, yau dai lalura ta sa. Sakamakon JAMB ya fito, alhamdu lillahi na samu maki mai kyau, kuma tun ina aji huɗu na sakandare burina in zama likitar haƙori. Da na cike fom, Jami'ar Maiduguri na sa a zaɓin farko. Yanzu Baba ya ce in je in canza zuwa BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, tun kafin a rufe. Shi damuwarsa hanya ce, ba ya son in shekara shida ina bin titin Damaturu zuwa Maiduguri. Inna kuma Maiduguri take so, ƙanwarta tana aure a can kusa da titin Bama. A Kano ba mu da kowa sai wani abokin cinikin Baba a Kantin Kwari.

Baba bai tilasta ni ba. Cewa ya yi in bincika in kawo masa hujja. Kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini. Don Allah waɗanda suka yi karatu a ɗaya daga ciki, ko suke ciki yanzu, wacce ta fi wajen koyarwa? Wacce kuma aka fi samun shiga?

DanKurna

Wa'alaikumus salam. BUK kawai, ba sai an tsaya dogon tunani ba. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan a titin Zariya, marasa lafiya daga ko'ina. Ki bi maganar mahaifinki.

Bulama_Gwange

@DanKurna ka taɓa zuwa Maiduguri kuwa? Lokacin da duk ɗan Arewa mai son karatun haƙori sai ya tafi Legas ko Ibadan ko Ife ko Benin, Maiduguri ce ta fara buɗe tsangayar a wannan ɓangaren, Kano ta biyo baya. Ko a shekarun da rikici ya fi ƙamari jami'ar ba ta tashi daga garin ba, ta ci gaba da yaye ɗalibai. Asibitin koyarwa kuma yana nan a kan titin Bama ɗin da ƙanwarmu ta ambata, kusa da jami'ar. Mutane daga Diffa da Chadi da Kamaru suna zuwa neman magani. Marasa lafiya ba a Kano kaɗai suke ba.

Malam_Idi_Kemistiri

'Yata, ni malamin sakandare ne, duk shekara sai na zauna da ɗalibai a kan irin wannan. Tambayarki ta biyu ita ya kamata ki fara da ita, don sai an shiga ɗaki ake zaɓen wurin kwana.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Yobe tana cikin yankin Jami'ar Maiduguri, kuma tana cikin jihohin kashi 20 ɗin. Ke nan a Maiduguri ƙofa uku ce a buɗe gare ki. Kafin ki taɓa fom ɗinki, ki tabbatar ko Yobe tana cikin yankin BUK, kada ki ɗauka haka nan. Sannan ki sani guraben haƙori kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na sauran kwasa-kwasai. Maki mai kyau ba ya wadatarwa idan waɗanda suka fi ki sun cike gurbin.

Wani abu kuma: galibi jami'a ba ta kiran ɗalibi tantancewa sai wanda ya sa ta a zaɓin farko. Idan kin canza, kin saki Maiduguri ke nan. Kar a saki reshe a kama ganye.

Likitan_Baki

Malam ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara abin da ɗalibi ba ya tunaninsa sai ya yi nisa.

Takardar jami'a ita kaɗai ba ta ba ki izinin taɓa bakin mutum. Hukumar MDCN, mai kula da likitoci da likitocin haƙori, ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka duk shekara, ita ke ba da lasisi. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, ta MDCN daban, kuma ana sabunta su lokaci zuwa lokaci. Idan makaranta ta ɗauki fiye da gurbinta, ɗalibai ne ke shan wahala a ƙarshe. Duk mun ga labarin ɗaliban haƙori na Kalaba a 2025, a kan wannan maganar ta gurbi ce.

Saboda haka ki shiga shafin MDCN da kanki, ki duba jerin makarantun da aka amince da su na wannan lokacin, ki ga gurbin kowacce daga cikin biyun. Ki rubuta a takarda ki kai wa Baba. Wannan ita ce hujja ta farko.

Shekara_Tara

Allah ya saka da alheri Dakta. Ni wannan abin a jikina na ji shi. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, amma ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ce. Mun shiga ana ce mana amincewa tana hanya. Mun gama ajin da ake karatu tare da 'yan MBBS, wato masu karatun likitanci, aka zo shiga asibiti, sai aka tsaya cak. Abokan da muka fara tare sun gama, sun yi bautar ƙasa, wasu har sun yi aure, mu muna nan muna jiran tawagar da za ta zo duba kujeru da ɗakin gwaji. Mahaifina ya rasu bai ga na gama ba. Ƙanwata, kada ki yarda da "ana kan hanya". Abin da kika gani a rubuce yau shi ne naki.

UmmuSadiq

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa jinkirin ya zama alheri.

Auwalu_Kabuga

Ni dai tambayata, tunda kina da maki, me zai hana ki nemi MBBS gaba ɗaya? Wahalar ɗaya ce, shekarun ɗaya ne. In ma haƙorin aka ba ki, na ji ana iya tsallakawa bayan aji ɗaya.

Likitan_Baki

@Auwalu_Kabuga yarinya ta ce tun tana aji huɗu wannan take so, kai kuma kana mayar da shi kamar wurin fakewa kafin ruwa ya ɗauke. Wannan tunanin ne ya sa muke ganin ɗaliban da suka shigo ransu ba ya ciki, suna jiran tsallakawar da ba ta zuwa, don can ɗin ma gurbi a ƙayyade yake.

Kuma aikin ba cire haƙori kaɗai ba ne. Wanda mota ta buge muƙamuƙinsa ya karye, mu ke ɗaure shi. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, akwai hannunmu a gyaransa. Ƙarin da ke fitowa a muƙamuƙi har ya canza kamannin mutum, sashenmu ake kawo shi. Ku je Sakkwato ku ga asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cinye baki da fuska. Tun 1999 yake aiki, kuma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. 'Ya'yanmu ne take kamawa, 'ya'yan talakawan ƙauye. Idan an gano ta tun tana gyambon dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. Wa zai gano ta idan babu mai duba baki?

Yar_Fataskum

Na gode Dakta. Yaya Auwalu, ba MBBS nake so ba. Kakata ce ta yi fama da ciwon haƙori, aka yi ta sa mata kanumfari, daga baya wani ya ɗiga mata ruwan batir a kogon. Fuskarta ta kumbura har wuya, ta kasa haɗiye ruwa. Ni na yi jinyarta. Tun daga ranar na ƙudurta.

Aji500_Kano

Allah sarki. To tunda da gaske kike, bari in gaya miki yadda karatun yake, don ki san me za ki tambaya a kowacce makarantar.

Aji ɗaya kimiyya ce zalla, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Aji biyu da uku tare kuke da 'yan MBBS a ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, ki kuma ƙara da naki na baki. A nan makarantu ba su da wani bambanci mai yawa, littattafan ɗaya ne, gawar da za ki feɗe ma gawa ce. Bambancin yana fitowa ne ranar da aka zaunar da ke gaban kan roba, wanda muke kira fantom. Kai ne na roba mai buɗaɗɗen baki, a dasa masa haƙora, ki yi ta fafe kogo kina cikewa kina kallo ta ɗan madubi, hannunki yana tafiya hagu alhali idonki yana cewa dama. Sai malami ya sa hannu cewa kin iya kafin a bar ki ki taɓa mutum.

Bayan nan akwai littafin aiki. Ba za ki zauna jarrabawar ƙarshe ba sai kin cika adadin wankin haƙori, da ciko, da cirewa, da haƙoran roba, kowanne da sa hannun malami. Ni wanda ya fi ba ni wuya shi ne cikakken haƙoran roba, don sai kin samu mutumin da ba shi da haƙori ko ɗaya, kuma ya yarda ya yi ta dawowa. Na samu wani dattijo mai sayar da goro. Zuwan farko awon baki, na biyu a sake awo mai kyau, na uku gwajin cizo da kaki, na huɗu a jera haƙoran a gwada, na biyar a sa masa. Kowane zuwa ni nake biya masa kuɗin adaidaita sahu, in kira shi tun da asuba kada ya wuce kasuwa. Ranar da ya sa su, ya riƙe madubi ya daɗe bai ce komai ba, sai ya ce, "Yaro, yau zan ci nama." Har yanzu yana aiko mini da goro.

To abin tambaya ke nan: ɗalibai nawa ke kan fantom ɗaya, kujeru nawa ke aiki a asibitin ɗalibai, kuma kayan aiki wa ke saye. Ki tambayi 'yan aji biyar da shida, ba 'yan aji ɗaya ba.

Falmata_UMTH

Abin da @Aji500_Kano ya faɗa haka yake a nan Maiduguri ma, littafin aikin nan shi ke hana mu barci. Abin da zan ƙara shi ne harshe. Hausa tana shigar da ke ko'ina a cikin gari, amma tsohuwar da aka kawo daga ƙauye wani lokaci sai Barbarci ko Larabcin Shuwa. Cikin shekara guda za ki iya "buɗe baki", "ina ke ciwo", "tofar". Ba abin tsoro ba ne.

Maganar 'yar'uwar Innarki kuwa, kada ki raina ta. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ba yadda kike so ba, ko zazzaɓi ya kwantar da ke, gidan da za ki je a dafa miki kunu ya fi duk wani suna da makaranta ke da shi.

Baffan_Yara

Ina bin maganar nan tun ɗazu, kuma na ga kamar an bar mahaifin yarinyar shi kaɗai. Ni uba ne. Wanda bai taɓa zama da waya a hannu yana jiran ɗansa ya ce ya wuce Benisheikh, ya wuce Mainok, ya wuce Jakana ba, ba zai gane abin da bawan Allahn nan yake ji ba. Ba mu manta da matafiyan da aka kashe a Auno a Fabrairun 2020 ba, dare ya yi musu a bakin shinge. Ba mu manta da harin masallacin cikin jami'ar a Janairun 2017 ba. An samu sauƙi sosai, Allah ya ƙara, amma tsoron uba ba jahilci ba ne.

Bulama_Gwange

Baffa, babu mai cewa jahilci ne, wallahi mu da muke ciki mun fi kowa sani. Amma dubban ɗalibai suna bin hanyar nan duk zango. Doka ɗaya ce: a fita da safe, a shiga gari da rana tsaka, ba a tafiyar yamma. Daga Potiskum ma Maiduguri ta fi kusa a kan Kano.

DanKurna

Ta fi kusa, amma ta Kano ko da yamma ka taso ta Azare da Wudil hankalin iyayenka a kwance. Sannan ambaliyar 2024 fa? Madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har asibitin koyarwa.

Falmata_UMTH

Ƙwarai, a watan Satumba ne, ina garin. Jarrabawa ce daga Allah, an yi asara, karatu ya tsaya na wani lokaci, aka kuma dawo. Amma Malam, ba a auna makaranta da ambaliya. In ana maganar ɓata lokaci, yajin aikin ASUU ya fi cin shekarun ɗalibai, kuma bai bar Kano ba bai bar Maiduguri ba. Na 2020 daga Maris zuwa Disamba, na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Dukansu na tarayya ne, tare ake rufewa.

Alhaji_Sabon_Layi

Shi ya sa ni na ce in da hali a fitar da yaro waje kawai, Masar ko makamancinta. Shekarun da aka ce su ne, babu yajin aiki.

Na_Dawo_Daga_Khartum

Alhaji, da haka muka ce mu ma. Ina aji huɗu a karatun haƙori a Khartum yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi. Jaka ɗaya na ɗauko. Muka yi kwanaki a kan iyakar Masar cikin rana kafin a bar mu mu wuce Aswan a kwaso mu. Kayan aikina da littafin da malamai suka sa wa hannu duk suna can. Ban ce kada a fita waje ba, amma babu inda aka rubuta wa mutum tabbas. Kuma duk wanda ya gama a waje sai ya zauna jarrabawar MDCN kafin ya yi aiki a Najeriya. Ita tana da dama biyu a gida, a bar ta ta zaɓa a cikinsu.

Malam_Idi_Kemistiri

Mu dawo kan tambayar. Ba a yi maganar kuɗi ba. Kuɗin makaranta ya tashi a jami'o'in tarayya tun 2023, akwai kuma bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ta iya nema. Amma abin da ke cin aljihu shi ne na yau da kullum: ɗaki, abinci, mota, sai kayan aikin da ɗalibin haƙori ke saye da kansa. A Kano harabar jami'a daban, asibitin daban, da tazara a tsakani. Ki tambaya a wane aji ake komawa kwanan asibiti, kuma ana samun gado ko sai an kama haya. Wanda ke da gidan dangi kusa ya rage kaya mai nauyi.

Aji500_Kano

Gaskiya ne Malam. Sai dai in faɗi nawa ɓangaren: Kano tana da asibitocin haƙori masu zaman kansu da yawa, ga na gwamnatin jiha. Lokacin hutu ko yajin aiki kana iya roƙon wani likita ka riƙa tsayawa a bayansa kana kallo. Ni a irin wannan tsayuwar na fara ganin yadda ake cire jijiyar haƙori a cike ramin. Kuma bayan an gama, wurin aiki ya fi yawa a nan.

Likitan_Baki

Wurin aiki ba a ɗaure yake da makaranta ba. Digirin likitan haƙori, wato BDS, ɗaya ne, lasisin ɗaya ne. Bayan an rantsar da ke akwai shekarar horon asibiti, sai bautar ƙasa, kuma kina iya yinsu a wani gari daban. In kina son ƙwarewa, jarrabawar kwalejin likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma za ki zauna, babu mai tambayar ko Kano kika yi ko Maiduguri. Ni a ganina, in duka biyun suna da amincewa a rubuce, ki tsaya inda kika fi samun damar shiga. Amma ra'ayina ne.

UmmuSadiq

Ni kuma a ganina yardar uba tana gaba. Shekara shida uba yana cikin fargaba ba ƙaramin abu ba ne. Ki yi istihara 'yata, ki kuma sa Inna da Baba su zauna tare, kada ki zama kina kai saƙo tsakaninsu.

Shekara_Tara

Anti, ai ya ce ta kawo hujja, bai yanke ba. Uban da ya ce haka yana son a gamsar da shi ne.

Yar_Fataskum

Allah ya saka wa kowa da alheri, ban zaci za a amsa mini haka ba. Jiya bayan isha'i na karanta wa Baba da Inna duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan maganar Baffan_Yara, Baba ya ce in maimaita. Da na zo kan na Shekara_Tara, Inna ta yi hawaye. Na buɗe shafin MDCN na kwafe abin da na gani a takarda kamar yadda Dakta ya ce.

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce ranar Talata zai kai ni Maiduguri da kansa ya ga hanyar da idonsa, mu kwana gidan ƙanwar Inna, sannan mako mai zuwa in zai je Kwari sarin kaya mu tafi tare mu shiga asibitin Malam. Har yanzu ban taɓa fom ɗin ba. Anti Falmata, Yaya na Kano, in mun zo za a bar mu mu leƙa ɗakin fantom ɗin kuwa?

Falmata_UMTH

Ki turo mini saƙo ta gefe idan kun wuce Damaturu. Shiga ɗakin sai da izinin mai kula da shi, zan tambaya tun ranar Litinin. Ko ba a bari ba, zan haɗa ki da 'yan aji shida ki yi musu tambayoyinki.

Bulama_Gwange

Ku taso bayan sallar asuba. Ki ce wa Baba ya riƙe katin shaidarsa da naki a kusa, akwai shingaye a hanya.

Aji500_Kano

Namu kuma ku zo kafin ƙarfe goma na safe, lokacin ne asibitin ɗalibai yake cike. Ki zo da takardar tambayoyinki, ki ƙirga kujerun da kanki.